Farcen da ya koma kamar cokali: yadda aka gano ƙarancin jinin wata tela a Rigasa

Wannan labarin wata baiwar Allah ne da na bi lamarinta a wajen aikina na jinya anan cikin Kaduna, tun daga ranar da aka fara kawo ta har zuwa lokacin da ta warware. Da izininta nake rubutawa, amma ba zan faɗi sunanta ba, kuma abin da ya faru kafin ta zo wajenmu daga bakinta da bakin ƙanwarta na ji shi.

## Wacece ita

Matar aure ce, shekararta 34 lokacin da muka fara ganinta, tana zaune a Rigasa. 'Ya'yanta huɗu, autan an haife shi a 2021. Sana'arta ɗinki, kekenta na cikin ɗaki, kuma tana da kwastomomi sosai musamman in sallah ta matso ko lokacin bukukuwa. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga, jininta AA ne, dan haka ba maganar sikila.

Abincin gidan dai irin na kowa ne, shayi da burodi da safe, rana shinkafa da mai da yaji ko taliya, dare tuwon masara miyar kuka ko kuɓewa. Nama sai jefi-jefi. Amma shayi kam ba a magana, filas ɗinta na gefen keke tun safe har dare, da ta gama cin abinci sai ta ɗora da kofi guda mai kauri.

Wajen ƙarshen 2022 bayan ta yaye autan sai al'adarta ta dawo da wani sabon salo. Da kwana 5 take yi, yanzu ta koma kwana 9 har 10, jinin yana zuwa guda-guda, kwanakin farko ko awa biyu ba ta yi sai ta canza ƙunzugu, da daddare kuma sai ta shimfiɗa tsohon zani saboda kar ta ɓata katifa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tambaya ɗaya ta taɓa yi, a Islamiyya, akan hukuncin sallarta, aka ba ta amsa ta fiƙihu ta dawo gida.

## Disamba 2022 zuwa Afrilu 2023: farcen ya fara canzawa

Abin da ta fara lura da shi shine farcenta ya daina mata aiki. Tela da farce take tsinke zare, da shi take danne kalmasa kafin ta kai guga, toh sai ya zama da ta danna sai bakin farcen ya tsage ko ya ɓare kaman ɓawon albasa. Lokacin hunturu ne, kowa hannunsa a bushe, sai ta ce sanyi ne da omo. Ta dinga shafa man kaɗanya da basilin. Fatar hannun ta yi laushi, farcen kuwa yana nan yadda yake.

Hunturu ya wuce, zafi ya shigo, abu bai canza ba. Ana gobe ƙaramar sallah ta Afrilun 2023 ta je ƙunshi, mai lallen ce ta riƙe yatsanta ta ce mata "Anti ya naga farcenki ya lotsa haka, kinga fa lallen a tsakiya yake taruwa." Da ta duba da kyau sai ta ga gaskiya ne, babban yatsa da manuni da na tsakiya duk tsakiyarsu ya faɗa ciki, gefe da baki sun ɗago sama. Daga nan sai ta mayar da lalle abin kullum, da ya fara fita sai ta sake, dan kar kwastoma su dinga kallon hannunta in tana awo.

## Mayu 2023 zuwa Fabrairu 2024: abubuwan da aka gwada

Farko kemis ta je. Mai kemis ya kalli farcen ya ce ƙwayar cuta ce irin ta masu yawan taɓa ruwa, ya ba ta man shafawa na fangas. Ta shafa wata biyu, ba abin da ya motsa.

A wannan tsakanin ne sauran alamomin suka taru. Kasala, ciwon kai kusan kullum, in ta taka keke na ɗan lokaci sai zuciyarta ta dinga bugawa fat-fat, in ta ɗauko ruwa daga bakin rijiya sai ta tsaya ta huta. Gashinta na zuba wajen tsifa. Gefen bakinta ya tsattsage. Sai kuma wani kwaɗayi da ita kanta yake ba ta mamaki, ƙanƙara, ta sa yara su siyo mata ta leda ta zauna tana gurgura, in ba wuta ba a samu ba sai ta koma farar ƙasa.

Ciwon kai da kasala a garin nan sunansu maleriya da taifod, haka aka yi mata. Sau uku cikin wannan lokacin tana shan maganin maleriya haɗe da na taifod, sau ɗaya ma har da ƙarin ruwa a gida, kuma duk cikinsu ba wanda ya auna yawan jininta. Dan ciwon kan kuma tana shan wani garin magani na ƙulli mai asfirin a ciki, wani lokacin safe da yamma.

Uwar mijinta ce ta fara cewa yarinyar nan jini ne ba ta da shi, ku dubi idonta. Sai aka shiga haɗin da kowa ya sani, lemon malt da madarar gwangwani, zoɓo, ruwan ganyen ugu, da tonik na kwalba wanda take sha in ta tuna. Nama da hanta da aka ce ta dinga ci kuwa ba su samu ba, dan tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 cefanen gidan ya ragu, ɗan naman da ake sakawa a miya ma yara ake tsincewa.

## Maris 2024: ranar da aka kawo ta

An fara azumi 11 ga Maris. A sati na biyu, tana tsaka da ɗinkin sallah wajen la'asar, ta miƙe zata ɗauko almakashi jiri ya kwashe ta. Maigidan da ƙanwarta suka sako ta a Keke Napep.

Likitan da ya duba ta ya ja fatar idonta ta ƙasa, fari fat. Harshe ya yi sumul ya koɗe, tafin hannu ma haka. Bugun zuciya 112 a minti ɗaya. Da ya zo kan farce kalar ba ta ganuwa saboda lalle, amma siffar a fili take, sai ya ɗiga ruwa a kan farcen babban yatsa, ɗigon ya zauna a tsakiya bai gangara ba. Lafiyayyen farce a ɗan kumbure yake, ruwa ba ya tsayawa a kansa. Irin wannan lotsawar an fi ganinta ga wanda ya daɗe da ƙarancin ayon a jiki, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, duk da akan same ta ga jarirai lafiyayyu, ko wanda ya gada, ko masu aikin da hannunsu ke jiƙe da fetur da man inji kullum, ita kuma ba ko ɗaya a ciki.

Ya duba sauran abubuwan da ake dubawa a farce, yana yi yana nuna wa ɗalibai. Kan yatsun bai kumbura ya lanƙwaso kaman sandar ganga ba, wanda shi ke sa a nemi ciwon huhu ko na zuciya. Ba wani kwari da ya ratsa farcen a kwance, irin wanda ke fitowa bayan mutum ya yi zazzaɓi mai tsanani farcen ya ɗan tsaya da girma. A farcen ƙafa inda ba lalle, ba a ga fari sol na masu ciwon hanta ba, ba a ga rabi fari rabi ja-ja na masu ciwon ƙoda ba. Kuma ba kauri, ba ruɓewa, ba garin da ke fita a ƙarƙashi, wato ba fangas bane.

Sakamakon gwaji:

Himoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja wanda da shi ake auna yawan jini, 7.4. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jinin, kashi 23. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya macen da ba ta da ciki in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, ƙasa da 8 kuma mai tsanani ne. Girman ƙwayoyin jinin 64, alhali daidai shine 80 zuwa 100, wato ƙwayoyin sun ƙanƙance. Feritin, wanda shi ke nuna ajiyar ayon a jiki, 5 ne kacal, ƙasa da 15 ma an riga an ce ajiya ta ƙare. Ba maleriya, ba ciki, gwajin bayan gida bai nuna tsutsa ko jini ba.

Likita ya tambaye ta, "Malama ya al'adarki take, tana yawa?" Mijinta na tsaye, ɗalibai maza biyu na tsaye. Ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Haka aka rubuta a fayil.

Ba a ƙara mata jini ba tunda numfashinta da hawan jininta sun daidaita bayan ta huta. An ce ta ajiye azumi ta rama daga baya, ta daina garin maganin nan mai asfirin, aka ba ta maganin tsutsa ƙwaya ɗaya, da ƙwayar ayon mai miligiram 200 sau uku a rana, ta dawo bayan wata ɗaya.

## Afrilu 2024: zagayen farko bai yi ba

Sai ƙarshen Afrilu ta dawo. Himoglobin 7.7, kusan inda aka bar shi.

Da aka bi ba'asi, kwana goma kawai ta sha maganin. Yana sa ta tashin zuciya, cikinta ya ɗaure, sannan bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, abin ya tsorata ta, a gida aka ce maganin ne ke ƙona mata hanji, ta ajiye. Kwana goman ma da shayi mai madara take haɗiya, saboda shi ne a kusa da ita.

Aka zaunar da ita aka yi mata bayani, wanda ya kamata ace tun ranar farko ta ji shi. Baƙin bayan gida ragowar ayon ne da jiki bai tsotsa ba, yawancin masu shan maganin suna gani. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ayon a cikin hanji ya hana shi shiga jini, madara ma tana rage tsotsarsa, shi yasa haɗin malt da madara bai taɓa zama maganin wannan matsalar ba, ƙarfi yake ɗan bayarwa saboda suga. Aka mayar da ita ƙwayar nan ta miligiram 200 guda ɗaya a rana, wadda zallar ayon da ke cikinta miligiram 65 ne, da safe da ruwa ko da lemon zaƙi ko gwaiba, shayi kuma sai bayan awa biyu. Ƙanwarta ta ce "Yaya ni zan dinga kiranki kullum bayan asuba," kuma ta cika.

## Mayu zuwa Yuli 2024: ya hau, sai ya tsaya

Ƙarshen Mayu himoglobin 9.1. Kwaɗayin ƙanƙara ya tafi tun sati na biyu, ita da kanta ta faɗa tana mamaki. Ciwon kai ya ragu, tsagar baki ta warke. Ƙarshen Yuni 9.6. Ƙarshen Yuli 9.2.

Mutumin da ke shan ayon daidai ana sa ran ya dinga ƙaruwa da kusan 1 zuwa 2 duk bayan 'yan makonni har ya cika, toh wannan ya tsaya har yana komawa baya, kuma fakitin maganin da ta kawo ya nuna tana sha. Anan likita ya ce lallai akwai inda jini ke fita. Ranar ita kaɗai ta zo, sai aka ce in shiga da ita ɗakin allura mu yi magana mu biyu. Ban ce mata al'adarki na yawa ba, dan macen da ta kusa shekara biyu a haka ta riga ta ɗauka haka jikinta yake. Ce mata nayi "Maman yara, kwana nawa kike yi, sau nawa kike canzawa daga asuba zuwa azahar, kina ganin guda, kina tashi cikin dare?" Sai ga magana ta fito tiryan-tiryan, har da kuka, ta ce ita duk zatonta abin da haihuwa huɗu ke bari kenan.

Lissafin ba wuya. Hanjin mutum abin da yake tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 na ayon a rana ba, shi kuma jini duk mililita 2 da ya fita yana tafiya da kusan miligiram 1. Likitoci na ɗaukar abin da ya haura mililita 80 a wata, ko ya wuce kwana 7, a matsayin zubar da ta yi yawa. Tata ta wuce nan nesa. Randa ce mai yoyo ake ta ɗura wa ruwa.

## Agusta zuwa Nuwamba 2024: an gano tushen

Sikanin da aka yi farkon Agusta ya nuna ƙari a mahaifa, wanda ake kira faibroid, guda biyu, babban santimita 5 kuma ya turo cikin mahaifar, irin wanda ya fi jawo zubar jini kenan. Ba ciwon daji bane, kuma ya yi yawa a tsakanin matan Afirka, amma kalmar ƙari kaɗai sai da ta hana gidan barci, maigidan ya zo da kansa aka yi masa bayani.

Aka tura ta sashen mata na asibitin koyarwa na Barau Dikko. Bayan sun tabbatar ba ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ba, suka ɗora ta kan maganin rage zubar jini mai suna tiranekzamik asid, giram 1 sau uku a rana, kwana huɗun farko na al'ada kawai, ayon kuma ta ci gaba. Al'adar Agusta da ta Satumba kwana 7 suka yi, gudan ya ragu sosai. Ƙarshen Satumba himoglobin 10.6, ƙarshen Oktoba 11.5.

Wani abu da ya taimaka wajen bin farcen shine lallen da ta sa na bikin ƙanwar mijinta a ƙarshen Agusta, daga shi ba ta sake ba kamar yadda muka roƙe ta. Lalle ba ya goguwa a farce, sai dai ya tafi gaba yadda farcen ke girma, dan haka ya zama mana alama. Ƙarshen Oktoba ta sa tef ɗinta na awo muka auna, sabon farcen da ya fito ƙasan layin lallen ya kai wajen milimita 6, daidai da yadda aka sani cewa farcen hannu na yin kusan milimita 3 a wata. Sabon ya fi kauri, a miƙe yake, jini na nunawa ta ƙarƙashinsa, na saman layin kuma har lokacin a lotse.

Tunda maganin rage zubar ba ya cire ƙarin, kuma ita da mijinta suna son a bar mahaifar, sai aka tsayar da tiyatar cire ƙarin kaɗai. An jira jininta ya hau tukunna. An yi a tsakiyar Nuwamba, ba a buƙaci ƙarin jini ba, bayan tiyata himoglobin ya sauka 10.3.

## Fabrairu 2025: inda aka tsaya

Al'ada ta koma kwana 5, ba guda. Himoglobin 12.9, feritin 41. An sa ta ci gaba da ayon wata uku bayan jinin ya cika, saboda jini na riga ajiya cika, in aka tsaya da wuri sai a koma gidan jiya. Farcen hannu goma duk sun sake, ɗigon ruwa ba ya zama a kan ko ɗaya. Na ƙafa suna baya, dama su sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ta yi azumin 2025 cikakke, shayi kuma ta mayar da shi tsakanin abinci.

## Abin da na gani a lamarin

Farcen nan ya nuna matsala tun Afrilun 2023, kusan shekara guda kafin ta faɗi, kuma abin da ya fi ci min rai shine mutane da yawa sun gani. Mai lalle ta gani, mai kemis ya gani, uwar miji ma ta canka daidai da ta ce jini ne. Abin da ya ɓace shine awo. PCV gwaji ne na 'yan mintuna da kusan kowane ƙaramin asibiti ke yi, da an yi shi ko sau ɗaya cikin zagaye ukun nan na maleriya da taifod da labarin ya gajarta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, toh a irin wannan ƙasar macen da ta zo da kasala da ciwon kai bai kamata ta fita ba a duba idonta da hannunta ba.

Man kaɗanya da man fangas sun gaza ne saboda ciwon ba a farcen yake ba, farce daga saiwarsa yake tsirowa, abin da jini ya kai wa saiwar shi take ginawa da shi. Tonik da ugu da zoɓo ba laifi bane a sha, amma sun yi kaɗan ga ramin da ake son cikewa. Zagayen farko na ayon kuwa ba zan ɗora mata laifinsa ba, an ba mace magani mai baƙanta bayan gida ba a gaya mata ba, dole ta tsorata.

Babbar asarar a wajena itace watanni huɗun nan daga Maris zuwa Yuli. An yi tambayar da ta dace, amma a gaban miji da baƙin maza, kuma da sigar da amsarta eh ce ko a'a. Matan mu ba sa faɗin wannan a haka, kuma duk wanda ya tashi a nan ya sani. Yanzu a ɓangarenmu duk macen da jininta ya yi ƙasa mace ce ke keɓewa da ita ta tambaye ta da lissafin kwana da na ƙunzugu.

Sai dai kar wani ya karanta wannan ya kalli farcensa ya yanke wa kansa hukunci. Da yawan masu ƙarancin jini farcensu lafiya lau yake, sannan ɗan farin ɗigon da ke fitowa a farce yawanci bugewa ce aka yi aka manta, baƙin layi a tsaye ma ya zama ruwan dare ga baƙar fata, sai in guda ɗaya ne sabo yana faɗaɗa ko ya hau kan fata shine ake gaggawar nuna wa likita. A lamarinta farcen ya nuna inda za a duba ne, gwajin jini da sikanin su suka faɗi ciwon. Kuma da namiji ne, ko macen da ta daina al'ada, aka samu da irin wannan sakamakon, ciki da hanji za a fara bincika, dan can ne jini ya fi ɓuya yana fita.

Ita dai an ce ta dinga zuwa awon jini duk wata shida, sikanin kuma duk shekara, saboda faibroid na iya sake tsirowa matuƙar mace ba ta daina al'ada ba.